Sallamar Ɗan Tayi: Yadda Saniya Take Riƙe Ciki

 A cikin shirinmu na kimiyya da kiwo na wannan mako za mu yi magana a kan wani al'amari da yake faruwa a ɓoye, inda idon makiyayi ba ya kaiwa, watau abin da yake gudana tsakanin saniya da ɗan tayin da ke cikinta a mako uku na farko bayan barbara. Saniya takan yi wajen kwana 280 zuwa 285 tana ɗauke da ciki, amma masana sun gano cewa galibin cikin da ke lalacewa, a waɗannan 'yan kwanaki na farko yake lalacewa, tun kafin kowa ya san da shi.

Bari mu fara daga Jidda, birnin nan na bakin Bahar Maliya wanda alhazanmu suka sani sarai. Jidda gari ne mai cin nama da shan madara ƙwarai, amma ba garin kiwo ba ne. Dabbobin yanka a jirgin ruwa ake kawo su, musamman daga Sudan da Somaliya da Jibuti, galibinsu tumaki da awaki, tare da shanu da raƙuma. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedkwatarsa ke Jidda, shi aka danƙa wa shirin yanka hadayar alhazai da raba namanta tun 1983. Ta wajen madara kuwa, kamfanin SADAFCO da aka kafa a Jidda a 1976 ya yi suna ne da madarar kwali wadda ake haɗawa da garin madarar da aka sayo daga waje. Ɗanyar madara galibinta daga tsakiyar ƙasar take fitowa, daga manyan gonaki irin na Almarai, wanda aka kafa a 1977, da na Al Safi da ke Kharj, kudu da Riyad. Motoci masu sanyi ke kwana suna tafiya da ita, ɗaruruwan kilomita, kafin ta iso Jidda.

To, me ya sa aka kai shanun can nesa? Dalili ɗaya shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake samu a can. Wani dalilin kuma iska ce. Shanun da ke waɗannan gonaki jinsin Holstein ne, masu baƙi da fari, 'yan asalin ƙasashen sanyi na Turai, kuma ba su jure zafi sai ana fesa musu ruwa ana hura musu iska da manyan fankoki. Wannan dabara tana aiki ne idan iska busasshiya ce, don ruwa sai ya bushe daga jiki yake tafiya da zafi. A Jidda kuwa zafin haɗe yake da laimar teku, gumi ba ya bushewa da wuri. A watan Yuni na 2010 ma an auna zafin da ya kai digiri 52 a ma'aunin Santigirad a garin. Saniyar da jikinta ya yi zafi nononta yakan ragu, wannan kowa yana gani. Abin da ba a gani shi ne, ba ta riƙe ciki. Kuma saniyar da ba ta haihu ba, ba ta da nono. Saboda haka duk dukiyar da aka zuba a waɗannan gonaki, da duk ɗan bijimin da aka sauko da shi daga jirgi a tashar Jidda, a kan wani ɗan abu suka dogara wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Yanzu bari mu bi wannan ɗan abu kwana-kwana.

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki takan nemi bijimi wajen kowane kwana 21. Bayan ta nema, sai ƙwai guda ya fito daga ma'ajiyar ƙwanta, ya faɗa cikin wani siririn bututu mai zuwa mahaifa. A cikin bututun nan yake gamuwa da maniyyin bijimi. Daga nan ƙwayar halitta guda ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. A kwana na 4 ko na 5 ɗan tayin yake isa mahaifa. A kwana na 7 ya zama kamar 'yar ƙwallo mai ruwa a tsakiya, da ƙwayoyin halitta ɗari da ɗoriya, amma duk da haka sai an jera irinsa wajen shida kafin su cika milimita ɗaya. Yana cikin wani ɓawo mai haske, wanda yake fasawa ya fito a wajen kwana na 9 ko na 10, kamar yadda ɗan tsako yake yi.

A nan ne saniya ta bambanta da mutum. Ɗan tayin ɗan Adam yakan kutsa cikin bangon mahaifa ya binne kansa tun wajen ƙarshen mako na farko. Na saniya kuwa ba ya kutsawa. Yakan zauna sake a cikin mahaifa har kusan mako uku, bai liƙe da komai ba, babu cibiya, babu jinin uwa da ke isa gare shi. Abincinsa kawai wani ruwa ne mai kauri da bangon mahaifa yake tsattsafowa, wanda masanan dā suka kira madarar mahaifa. A cikinsa akwai sukari da maiƙo da gishiri iri-iri da abubuwan gina jiki.

Abin da ke sa mahaifa ta fid da wannan ruwa wani sinadari ne mai suna furojestaron. Asalinsa kuwa, a daidai gurbin da ƙwai ya fito, wani ƙullutu mai launin rawaya yakan tsiro, shi ne yake zuba wannan sinadari cikin jini. Muddin ƙullutun nan yana nan, mahaifa tana kwance lafiya, bakinta a rufe, saniya kuma ba ta neman bijimi. Amma jikin saniya ba ya jira har abada. Idan aka kai wajen kwana na 17 ko na 18 mahaifa ba ta ji alamar kowa a cikinta ba, sai ta fara sakin wani sinadarin dabam mai suna furostagilandin, a kai a kai. Shi kuma ya ratsa daga jijiyar jinin da ke fita daga mahaifa zuwa wadda ke shiga ma'ajiyar ƙwai, don manne suke da juna, ya je ya narkar da rawayan ƙullutun. Furojestaron ya faɗi, saniya ta sake neman bijimi. Idan da akwai ɗan tayi a ciki, ya halaka ke nan.

Ashe ke nan ɗan tayi baƙo ne da ya iso zaure da dare, mai gida kuwa yana shirin sa sakata. In bai yi sallama an ji shi ba kafin a rufe, to, a waje zai kwana. Yaya abin da ba shi da baki yake sallama?

Daga wajen kwana na 12 zuwa na 14 sai rigar da ke kewaye da shi, wadda za ta zama mabiyiya nan gaba, ta fara miƙewa da sauri na ban mamaki. Abin da yake milimita 2 ko 3 a kwana na 13, kafin kwana na 17 ya zama siririn zare mai tsawon taƙi guda, watau wajen santimita 20. Shi ainihin ɗan maraƙin har yanzu ɗigo ne kawai a tsakiyar zaren. Mahaifar saniya rassa biyu gare ta, kamar ƙahoni. Zaren nan yakan cika reshen da yake ciki, daga baya ya zarce cikin ɗayan. Yayin da yake miƙewa yana fid da wani sinadari mai suna intaferon-tau, wanda yake shafar bangon mahaifa duk inda zaren ya taɓa, ya hana ta sakin abin nan mai narkar da ƙullutu. Wannan ita ce sallamar. Lalle ne ta kai ga uwa a wajen kwana na 16. Ɗan tayin da ya yi tsawo sosai muryarsa da ƙarfi take. Wanda ya tsumbure kuwa, ko da yana da rai, sallamarsa ba ta isa a ji ba.

Sanin wannan ya ɗauki masana shekaru masu yawa. A 1966 wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila, Moor da Rowson, suka nuna cewa a tunkiya lalle ne ɗan tayi ya kasance cikin mahaifa a kwana na 12, in ba haka ba ƙullutun zai narke. A 1969 Roger Short ya raɗa wa al'amarin suna, ya kira shi ganewar da uwa take yi cewa tana da ciki. A 1979 Jacques Martal da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wani sinadari ne daga rigar tayin yake wannan aiki. A 1982 aka tace shi a Jami'ar Fulorida ta Amurka, a ɗakin binciken Fuller Bazer da Michael Roberts. Sai a 1987 aka gane cewa ɗan'uwan sinadarin nan ne da jiki yake yaƙar ƙwayoyin cutar bairos da shi. Watau dabbobi masu tuƙa, shanu da tumaki da awaki, da makamin yaƙi suke aika saƙon zumunci.

Maganar kuwa ba ta gefe ɗaya ba ce. An daɗe ana iya haɗa ƙwan saniya da maniyyi a ɗakin bincike, a rene shi cikin ɗan faranti har kwana 7 ko 8. Amma har yau ba a sami yadda za a sa shi ya yi wannan doguwar miƙewa sosai a wajen mahaifa ba. A Jami'ar Texas A&M, wajen shekara ta 2000, an reni wasu tumaki waɗanda aka hana mahaifarsu tsirar da ƙananan kafofin da ke fid da madarar mahaifa. Da aka yi musu barbara, ƙwai ya kama, tayi ya fara girma, amma da lokacin miƙewa ya zo sai ya kasa. Masanan Jami'ar Dablin ta ƙasar Ailan kuma sun nuna cewa saniyar da furojestaron ɗinta ya hau da wuri bayan barbara, tayinta ya fi tsawo a kwana na 14 zuwa na 16. Uwa ke ciyar da ɗa don ya sami ƙarfin yin sallama, sallamar kuma ita ke sa uwa ta ci gaba da ciyarwa. In ɗaya ya makara, duka biyu sun yi hasara.

Sai a wajen kwana na 20 zaren yake fara liƙewa da bangon mahaifa. A bangon akwai wasu 'yan tudduna wajen ɗari, rigar tayi ta kama kowane ɗaya, su zama kamar maɓallai. Su ne ƙulle-ƙullen nan da makiyayi yake gani a jikin mabiyiya bayan haihuwa. Ta nan abinci yake ratsawa daga uwa zuwa ɗa har ranar haihuwa.

Hasarar da ake yi a wannan ɗan tsakani ba ƙarama ba ce. Binciken da Diskin da Sreenan da abokansu suka yi a Ailan ya nuna cewa a karsana da shanun da ba su cika yawan nono ba, idan an yi barbara a kan lokaci da maniyyi mai kyau, ƙwai yakan kama a wajen 90 cikin 100, amma waɗanda ke haihuwa ba su wuce wajen 55 ba. Mafi yawan waɗanda suka salwanta kuwa tsakanin kwana na 8 da na 16 suka salwanta. A shanu masu nono da yawa abin ya fi haka muni. Saniyar da ke ba da lita 40 a rana cin abincinta da yawa yake, jini mai yawa yana bi ta hantarta, hantar kuma tana share furojestaron daga jini da sauri. Ga shi kuma sarrafa abincin nan kansa yana ƙara mata zafi daga ciki, kamar murhu.

Zafin jikin saniya mai lafiya wajen digiri 38 da rabi ne. Tun 1973 aka nuna a Fulorida cewa ƙarin rabin digiri kawai a cikin mahaifa ranar barbara yana rage yawan shanun da ke ɗaukar ciki. Daga baya Peter Hansen da ɗalibansa a wannan jami'a suka gano cewa ɗan tayi ya fi rauni a kwana ɗaya ko biyu na farko, amma in ya kai kwana 7 ya fara jure zafi. Har wa yau zafi yana ɓata ƙwan tun yana cikin ma'ajiyarsa, shi ya sa ko bayan sanyi ya shigo saniya takan yi makonni kafin ta dawo daidai. Wannan sani ne ya haifi dabarar dashen tayi a lokacin zafi: a samo tayi ɗan kwana 7 wanda aka haɗa lokacin sanyi ko a ɗakin bincike, a sa shi cikin mahaifar saniyar da ta yi kwana 7 da neman bijimi, ya zama an tsallake kwanakin haɗari. Dashen tayi ba sabon abu ba ne, don tun 1950 aka haifi maraƙin farko ta wannan hanya a Wiskonsin ta Amurka.

Ga kuma abin da ya kamata ya faranta ran makiyayinmu. An gwada tayin shanu masu tozo, irin su Brahman na Amurka da Nelore na Burazil, aka tarar ya fi na Holstein jure zafi tun yana 'yan ƙwayoyin halitta kaɗan. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak duk dangin masu tozo ne. Nononsu kaɗan ne, gaskiya, lita ɗaya ko biyu ake tatsa a rana a ruga, amma juriyar da ke jininsu dukiya ce wadda attajiran gonakin Kharj suke kashe wutar lantarki da ruwa mai yawa don su maye gurbinta.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin barbarar hannu, wadda ake sa wa saniya maniyyin bijimin waje, tana yaɗuwa a ƙasar Hausa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta daɗe tana haɗa Bunaji da shanun Turai. A Nijar akwai gonar Tukunus da ta shahara da kyautata irin Azawak. Shi kuma bankin nan na Jidda ya sa kuɗi a shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano wanda ya kankama a farkon shekarun 2020, a ciki har da gyara cibiyar barbarar hannu ta Kadawa. Ruwa-biyun da aka samu ta haka sun fi iyayensu mata nono, amma gwargwadon yawan jinin Turai a jikinsu, gwargwadon bukatarsu ga inuwa da ruwa da abinci. Zafin bazara a Sakkwato ko Maradi, a watan Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40, kuma a daidai lokacin ne ciyawa ta ƙare, shanu suka rame. Zafi da yunwa ke nan a haɗe, su ne manyan abokan gāban ɗan tayi.

To, me makiyayi zai yi da wannan bayani?

Na farko, ya riƙa ƙirga kwanaki. Idan saniya ta sake neman bijimi bayan kwana 18 zuwa 24, ko dai ƙwan bai kama ba, ko tayin ya mutu kafin ya yi sallama. Idan kuwa ta wuce haka, ta kai kwana 28 ko 35 sa'an nan ta dawo, mai yiwuwa ne an yi sallamar, uwa ta amsa, daga baya tayin ya mutu. Ba za a ga jini ko wani abu a ƙasa ba, don jiki yakan shanye shi. Saniyar da ta yi haka sau uku ba lalle juya ba ce. Kafin a kai ta kara a sayar wa mahauta, a kira malamin dabbobi ya duba ta, ya duba bijimin ma, don akwai cututtukan da bijimi ke yaɗawa wajen barbara masu kashe tayi da wuri, ban da bakkale mai sa ɓari a ƙarshen ciki.

Na biyu, mako uku na farko bayan barbara lokacin lallaɓawa ne. A nema mata inuwa da tsakar rana, a ba ta ruwa isasshe, a bar ta ta yi kiwo da sanyin safiya da na yamma. Kada a rage mata abinci kwatsam, don an nuna a Ailan cewa karsanar da aka rage wa ciyawa nan da nan bayan barbara ta fi rasa tayinta. Ɗan abin da ya samu na harawa ko dusa ko angurya ko ƙuli-ƙuli, da kanwa ko gishirin lasa, a wannan lokaci ya fi amfani. Likitocin dabbobi kuma suna hana loda saniya a mota don doguwar tafiya daga ƙarshen makon farko har ta wuce mako shida.

Na uku, wanda yake da ikon zaɓen lokacin barbarar hannu, ya kauce wa tsakiyar bazara, ya nufi damina ko kaka, sa'ad da saniya ta murmure, ko kuma sanyin hunturu in yana da abincin ba ta.

Na huɗu, a yi hattara da allura. Furostagilandin ɗin nan da mahaifa take narkar da ƙullutu da shi, ana sayar da shi a kwalba, likitoci suna amfani da shi don su sa shanu su nemi bijimi lokaci guda. Idan aka yi wa saniya mai ƙaramin ciki wannan allura, cikin zai zube. Kada a yi ta sai an tabbata babu ciki. Ana iya tabbatarwa da gwajin jini ko na'urar hoton ciki daga wajen kwana 28 zuwa 30, gwanin likita kuma yakan gane da hannu daga wajen kwana 35 zuwa 45.

A rugagenmu saniya sau da yawa takan yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, alhali kuwa jikinta yana iya haihuwa kowace shekara ko shekara da 'yan watanni. Wani kashi na wannan jinkiri daga shayarwa da rama yake, wani kashin kuwa daga cikin da ya shiga ya fita ne ba wanda ya sani. Duk sa'ad da haka ta faru an yi hasarar aƙalla mako uku, wani lokaci ma damina guda, tare da maraƙi da nonon da mai ɗakin makiyayi za ta kai talla. Mai shanu dubu ashirin a Kharj da mai shanu ashirin a dajin Falgore, a nan matsalarsu ɗaya ce. Wancan da fanka da injin feshi yake tsare mako ukun nan, wannan kuwa abin da ke hannunsa shi ne inuwar bishiya, da rijiya, da ɗaurin harawa, da kuma irin shanun da kakanninsa suka zaɓa, waɗanda suka saba da rana.